Sawun Taya a Hanyar Watari

Wata Lahadi ce cikin watan Janairu na shekarar 2024, bayan an idar da sallar isha'i, ina zaune a zaure na ƙudundune cikin bargo saboda hunturu ya yi tsanani, sai wayata ta ɗauki ƙara. Ko da na duba, sai na ga yaron nan ne, watau ɗan farina da ke zaune a birnin Montiriyal ta ƙasar Kanada. Mai karatu zai yi mini afuwa idan bai ji na ambaci sunansa ba. Mu mutanen karkara har gobe ba mu yar da kunyar ɗan fari ba, ko da kuwa ya tara gemu ya ajiye iyali.

Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baba, yau dai Allah ne Ya kiyaye." Nan da nan gabana ya faɗi. Ya ce da hantsi ya fita da mota za shi kasuwa, gari ya yi wasai, an share dusar ƙanƙarar da ta zuba da dare, kwalta ta fito baƙi ƙirin kamar babu abin da ya same ta. Yana cikin gangarowa daga kan wata gada sai ya ga motar da ke gabansa ta rage gudu, shi kuwa ya danna birki ya fizgi sitiyari a lokaci guda. Kafin ya ankara motar ta juya da shi ta fuskanci inda ya fito, sa'an nan ta sulale ta cusa gindinta cikin tulin dusar da aka tara a gefen hanya. Ko ƙwarzane bai yi ba, motar ma fitilar baya kaɗai ta fashe.

Ya ce, "Abin da ya fi ba ni haushi, Baba, duk an gaya mini." Sai ya shiga lissafa mini abin da mutumin da ya koya masa tuƙi a can ya sha nanata masa: kada ka amince da kwalta don ka ga ta yi baƙi, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka, kada ka yi wa mota komai bagatatan, ko birki ko totur ko sitiyari, ka rage gudu tun kafin ka isa mugun wuri, idan bayanta ya zame, ka bi shi da sitiyari a hankali.

Na yi shiru har ya zaci layin ne ya yanke. Abin da ya ɗaure mini harshe shi ne, waɗannan maganganu na ji su tun fiye da shekara 40 da suka wuce, daga bakin mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Iyakar ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda takan sauko da ruwan farkon damina ta yayyaga ganyen shuka, sai kuma wadda ake sayarwa a Kano da azumi. Kuma ni ma, kamar yaron nan, duk an gaya mini.

Ƙauyenmu yana yankin Watari ne, a ƙasar da a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Bagwai, ba nisa da Bichi. Wanda ya san wannan nahiya ya san babu daji a cikinta. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, ɗorawa da gawo da kuka na tsaye a tsakiyar gonaki, hanya kuwa ɗan abin da manoma suka yarda suka bari ne tsakanin kunya da kunya. Tsakanin 1977 da 1980 aka gina madatsar ruwa a kan kogin Watari, wanda ke gangarawa ya haɗu da Calawa. Da ruwa ya zauna, noman rani ya kankama, sai aka shiga neman motar da za ta kwashi tumatir da albasa zuwa kasuwannin Kano. A wannan lokaci ne Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya tattara abin da ya tara ya sayi tsohuwar akori-kura, Fijo 404, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, mai giya a jikin sitiyari.

Kawu ba baƙon hanya ba ne. Ya fara da yaron mota a manyan motocin da ke jigilar gyaɗa zamanin da ake dalarta a Kano, yana riƙe da waji yana kwana a kan buhu. Yana kan sitiyari aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan daga hagu zuwa dama ran 2 ga Afrilu, 1972. Yakan ce sauya wa direba hannu kwana guda ne, amma sauya masa zuciya sai an shekara ana yi. Ni kuwa a lokacin ina ƙaramin malamin firamare, ina ji da ƙuruciya da ɗan karatun da na yi, na matsa masa sai ya koya mini mota a lokutan hutu.

Ranar farko ko makulli bai bar ni na taɓa ba. Sai ya ce in durƙusa a gindin taya, in shimfiɗa tafin hannuna a ƙasa daidai inda tayar ta taka. Ya ce, "Ɗan nan, a duk motar nan, nawa ne ya taɓa ƙasa?" Na duba na ce bai fi tafin hannu ɗaya ba a kowace taya. Ya ce, "To, ka ga duk ƙarfen nan, da kai, da kayanka, da fasinjanka, a kan tafin hannu huɗu kuke tafiya. Ƙasa ce ta ba ku aron riƙo. Ranar da ta karɓe abinta, wannan sitiyarin da kake taƙama da shi faifai ne kawai a hannunka."

Daga nan ya shiga koya mini ƙasa kafin ya koya mini mota. Ya nuna mini jigawa, wadda ke shanye ruwa ta daɗa ƙarfi bayan an ɗauke. Ya nuna mini jan burji, wanda ke riƙe taya har sai ya jiƙe sharkaf. Ya nuna mini baƙar lakar fadama mai sheƙi, wadda in ta sha ruwa ba ta da maraba da sabulu. Ya kuma gargaɗe ni game da ruwan farko a kan kwalta, domin ƙurar rani duka da baƙin man da motoci suka ɗiɗɗiga suna nan kwance, ruwa na taɓa su sai su zama kamar miyar kuɓewa. Ya ce direbobi da yawa sun tsallake lakar ƙauye lafiya, suka zo suka halaka a kan kwaltar Bichi zuwa Dawanau, don sun ga baƙar hanya sun saki jiki.

Dokokinsa na laka ba su da yawa. Ka tashi mota da giya ta biyu don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Ka taka totur kamar an ɗora maka ƙwaryar nono cike a bayan mota an ce ko ɗigo kada ya zube. Birki a kan busasshiyar ƙasa ake taka shi, kafin a isa mugun wuri, domin in ka riga ka shiga laka to magana ta ƙare, sai dai ka bar giya ta riƙe maka motar. In gindinta ya zame hagu, ka ɗaga ƙafa ka bi shi hagu a hankali, kamar yadda ake bin jaki in ya karkace kafin a dawo da shi hanya. Kada ka shiga laka da akori-kura babu kaya, gama tayoyin baya ne ke tura ta, in babu nauyi a kansu rawa za su yi ta yi. In ka zo wurin da ba ka yarda da shi ba, ka sauka ka taka shi da ƙafa, da sanda a hannu. Da hunturu kuma, in hazo ya rufe gari, ka sauke fitila ƙasa, don babbar fitila ƙura take haskawa ta dawo maka cikin ido. Dokar ƙarshe, wadda ya fi maimaitawa, ita ce direban kirki ya san ranar da ba a fita.

Na haddace su duka kamar karatun allo. In ya tambaye ni sai in zubo su ba gargada, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce haddar baki daban, haddar ƙafa daban.

Aka yi mini aure a 1987. Da ciki ya tsufa, maiɗakina ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda aka saba a haihuwar fari, a wani ƙauye da fadama ta raba mu da shi. Daminar 1988 kuwa duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano bai manta da ita ba. A watan Agustan shekarar ne marka ta yi marka har madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a birni da ƙauye. A cikin wannan wata, wani dare wajen ƙarfe ɗaya, ana tsuga ruwa, sai na ji ana buga mini ƙofa. Ƙanenta ne, jiƙe jagab, ya ce tun jiya da safe take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi mota.

Na ruga gidan Kawu na same shi kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, ko zama ba ya iya yi sosai. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mini makulli, sa'an nan ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗan nan, ka saurare ni. Ga buhunan masara can a zaure, ka ɗora huɗu a baya. Kada ka wuce giya ta biyu har sai ka hau burji. In ka zo kwanar kwalbati, ka rage tun daga gindin tsamiya." Na ce to, Kawu. Da na fito zaure na dubi buhunan, na lissafa minti goma ko fiye da za mu ɓata ni da yaron kafin mu ɗora su, sai na ce a raina, mace na can tsakanin rai da mutuwa, ni in tsaya dakon masara? Na tayar da mota muka tafi.

Abin da ya yaudare ni shi ne mun isa lafiya. Na ratsa fadamar nan motar na ɗan wutsil-wutsil, amma ta fita, sai zuciyata ta ce mini ashe tsoron tsofaffi ne kawai. Aka shimfiɗa katifa a baya ƙarƙashin tamfol aka kwantar da ita. Mahaifiyarta kunya ta hana ta biyo mu, sai gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, ta hau ta zauna ta ɗora kanta a cinya. Ƙanenta ya shiga gaba kusa da ni da tocila a hannu.

A hanyar komowa ruwa ya ƙaru. Dawa ta yi tsawo ta rufe hagu da dama, ba ka ganin komai sai ɗan abin da fitila ta haska. Ta tagar baya nake jin nishinta, kuma duk nishi ɗaya sai ƙafata ta ƙara nutsewa a kan totur. Ban san lokacin da na sa giya ta uku ba. Na ga tsamiyar da Kawu ya faɗa ta wuce ta gefena kamar inuwa, na kuma tuna maganarsa sarai, amma na ce bari in ɗan ƙara matsawa. Sai ga kwana a gabana, laka na sheƙi a cikin hasken fitila. Na danna birki iya ƙarfina.

Har yau in na rufe ido ina jin yadda sitiyarin nan ya saki a hannuna. Na juya shi dama, motar ta ci gaba da tafiya inda ta nufa kamar ba da ita nake ba. Sa'an nan gindinta ya kewayo, ya daki kafaɗar kwalbati, tayar baya ta faɗa rami, motar ta karkace ta mutu. Ba gudu ne na a zo a gani ba, na tabbata da rani ko keke ya fi haka sauri a wurin. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa a kan tamfol. Can sai na ji muryar Gwaggo daga baya, a natse, tana cewa, "Malam, kada ka tsorata, yarinyar nan lafiya take." Ba ta ce komai game da kanta ba. Sai da muka zagaya da tocila muka ga ashe da motar ta fara juyawa ta kifu a kan maiɗakina ta rungume ta, ƙugunta kuma ya daki ƙarfen akorin. Ta kasa motsa ƙafarta ta hagu.

Albarkar ƙasa mai yawan jama'a ita ce babu inda za ka yi kururuwa ba a ji ka ba. Yaron ya ratsa cikin dawa da gudu, ba a jima ba sai ga mutane da fitilun ƙwai, wani dattijo kuma ya ɗauro wa shanunsa na huɗa amalanke. A kanta aka ɗora su biyun, aka lulluɓe su da tamfol ɗin motar. Na bi su a ƙasa, laka har gwiwa, ina kallon bijiman nan biyu suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba su zame ba ko sau guda. Tafiyar da mota za ta yi cikin ƙasa da awa ɗaya a giya ta biyu, sai da ta ci mana fiye da awa uku. Ana kiran assalatu muka isa asibiti a Bichi. Ma'aikatan suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu da alheri, da hantsi aka ce mini an sami ɗa namiji, uwar kuma ta sha wuya amma tana da rai. Wannan jariri shi ne mai kirana daga Kanada.

Da azahar na koma wurin motar, sai na tarar da Kawu ya sa an goyo shi a keke, yana lulluɓe da mayafi, jikinsa na rawa. Jama'a sun taru ana shawarar yadda za a ciro ta, kowa na yi mini jaje yana cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kawu bai dubi motar ba. Ya kama hannuna muka koma baya wajen tsamiya, muka biyo sawun tayoyin a hankali. Da farko zanen taya ya fito raɗau a kan laka, kamar an buga hatimi. Muna cikin tafiya sai zanen ya ɓace, sawun ya koma santsi sumul kamar an ja buhu. Ya tsaya ya nuna wurin da sandarsa, ya ce, "Nan ka taka." Wani daga cikin mutanen ya ce, haba Alhaji, ai ƙaddara ce. Kawu ya ce, "Ƙwarai kuwa ƙaddara ce, ba mai musu. Ni dai ina nuna masa ƙofar da ta shigo ne." Ya leƙa bayan motar, ya ga babu buhu ko ɗaya, ya dube ni, bai ce uffan ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tayar da maganar ba. Kafin magariba wani ruwan ya zo ya shafe sawun.

Gwaggo kuwa ƙashin ƙugunta ne ya karye. Aka yi ɗori, ya kama a karkace. Matar da ke zuwa kasuwa uku a mako da ƙafarta tana sayar da daddawa, ta koma dogara sanda, da ɗingishi ta ƙare sauran shekarunta 19 har ta rasu a 2007. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce hatsari ne suka yi a daren da aka haifi jikanta, Allah Ya taƙaita. Ni ma haka nake faɗa. Kalmar ƙaddara ta zame mini bargo, na shige ciki na yi lamo, alhali na san abin da Kawu ya nuna mini da sanda.

To, a daren nan na Janairu, da na dawo cikin hayyacina, sai na ce wa yaron ya ƙara ba ni labarin tuƙin ƙasarsu. Ya ce a can sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma abin da ya kayar da shi suna kiransa baƙar ƙanƙara, watau ruwa ne ɗan siriri ke daskarewa a kan kwalta, garau kamar gilashi, sai ka zaci hanya ce kawai ta jiƙe. Ya ce gada ta fi saurin daskarewa saboda iska mai sanyi na bugun ta sama da ƙasa. Hukuma na bin hanyoyi da motocin share dusa, tana watsa gishiri don ya narkar da ƙanƙara da tsakuwa don taya ta sami abin kamawa. A lardinsu na Kebek, tun 2008 doka ta wajabta sa tayoyin hunturu, kuma a yanzu wajibcin na farawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Robar waɗannan tayoyi ba ta sandarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, zanensu kuma ya fi zurfi. Da ya ce mini masu akori-kura a can sukan ajiye buhunan yashi a baya duk tsawon hunturu, sai na ji kamar an soke ni.

Daga baya na bi diddigin abin a karatu, na tarar lissafin masana bai saɓa wa na Kawu ba. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna cewa tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya takan ninka biyu a jiƙaƙƙiyar hanya, a kan ƙanƙara kuwa tana iya ninkawa har goma. In ka ninka gudu sau biyu, tafiyar da mota za ta yi bayan ka taka birki sau huɗu take ninkawa, don haka bambancin giya ta biyu da ta uku a daren nan ba ƙarami ba ne. Taya kuma muddin ta daina juyawa ta koma jan ƙasa, to ba ta jin sitiyari, abin da Kawu ya karanta ke nan a wurin da zane ya ɓace. Motocin zamani suna da na'urar ABS da ke kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta kulle, shi ya sa ake ce wa mai irin wannan mota ya danne birki ya riƙe ko da ya ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Amma na'urar ba ta ƙirƙiro riƙon da ƙasa ba ta bayar ba. Ga shaida nan a kan yaron nan, da sabuwar mota da tayoyin hunturu, gada ta juya shi.

Muna cikin wannan hira sai na ji bargon nan da na shekara 35 a ciki ya yi mini nauyi. Tsakanin uba da ɗan fari magana ba ta cika tsawo ba, balle irin wannan. Na yi gyaran murya na ce, "Kai, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba game da ƙafar Gwaggo." Na kwashe duka na faɗa masa, da buhunan masara, da tsamiya, da giya ta uku, da sandar Kawu. Na ce masa ba ruwan sama ne ya karya ta ba, ƙafata ce.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Baba, ai na sani. Gwaggo ta gaya mini tun ina aji uku na sakandare, wata rana ina matsa mata ƙafar. Ta ce kuna sauri ne saboda ni, ta kuma ce in na kuskura na tambaye ku ba ta yafe mini ba." Ban iya ce masa komai ba sai Allah Ya jiƙanta. Ya ce amin. Muka yi sallama. Na daɗe a zauren nan ban shiga gida ba.

'Yan'uwana marubuta, dalilin da ya sa na kawo wannan labari a shafinmu shi ne, na lura mun mai da hatsarin mota wata 'yar gajeriyar hanya a cikin ƙagaggun labaranmu. In marubuci ya rasa yadda zai yi da kishiya, ko yana son ya mai da yarinya marainiya, sai ya ɗora mutum a mota, cikin layi biyu a ce ta ƙwace, a yi salati, a wuce babi na gaba. Ni da na taɓa zama a bayan sitiyarin da ya ƙwace, ina shaida muku ba haka abin yake zuwa ba. Yana farawa tun daga zaure, a lokacin da mutum ya dubi buhu huɗu ya ce ba shi da minti goma. Kuma sau da yawa ba mugunta ko shaye-shaye ke kawo shi ba. Ƙauna ce da tsoro ke danna ƙafar mutumin kirki a kan totur, ya ga kamar jinkiri cin amana ne. A shekarar da abin ya same ni, 1988, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, marubuci ɗan'uwanmu Wole Soyinka ne ma shugabanta na farko. Jami'anta na iya tsayar da direba su duba taya da lasin, amma ba sa zaune a zuciyarsa da ƙarfe biyun dare. Nan ne nake ganin alƙalaminmu zai iya isa, in mun yarda mu bi sawun a hankali kamar yadda Kawu ya bi, mu nuna wa mai karatu ƙofar da abin ya shigo. Imani da ƙaddara wajibi ne, ban kuwa taɓa jin malamin da ya ce ya ɗauke wa mutum nauyin abin da ƙafarsa ta taka ba.

Ga matasanmu kuma da neman ilmi ko abinci ya kai ƙasashen sanyi, da waɗanda ke fama da lakar Agusta da hazon Janairu a nan gida, abin da zan ce bai wuce na Kawu ba. Ku duba tayarku kafin ku duba agogo. Ku rage gudu tun daga gindin tsamiya. In wanda kuke ƙauna ne kwance a bayan motar, to ranar ce ta fi kowace rana bukatar giya ta biyu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, ni kam a kan amalanke na ga fassararsa.

Da daminar da ta biyo bayan wannan waya na je ƙauye gaisuwa, na sa aka tsaya da ni a kwanar kwalbatin. Tsamiyar na nan, ta ƙara girma. Na taka daga gindinta zuwa kwanar ina ƙirgawa, na sami taku 60 da 'yan kai. Iyakar abin da aka ce in yi haƙuri da shi ke nan.

Allah Ya jiƙan Kawu da Gwaggo, Ya kai haske kabarinsu. Mu kuma Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.